Sahabi Hizge da Waya ta Uku

Duk wanda ya taɓa ba Malam Sahabi aiki a garin nan na Birnin Kabi ya san ba ya cewa ya gama sai ya gwada lalatawa. Wallahi haka yake, Allah Ya jiƙansa. Zai yini yana haɗa maka na'urori, ya jera wayoyi tsaf, fitilu su kama kore shar, kai kuma ka saki baki kana murna. Daidai lokacin da ka fara sa masa albarka, sai ya zura hannu bayan akwati ya fizge waya guda, ya ɗaga ta sama, ya tsura maka ido. In komai ya ci gaba da aiki, ya mayar da ita ya ce yanzu ya gama. In abu ya tsaya, ya cire hula ya sake zama. Daga nan sunan Hizge ya bi shi, har yaran unguwarsu a Argungu ba su san shi da wani suna ba.

Wasunku suna wurin ranar da ya yi wa wani Alhaji mai babban kanti a unguwar Nasarawa. Alhaji ya tara abokansa su zo su ga sababbin na'urorin ciniki, yana cikin bayani da hannu bibbiyu, Sahabi ya fizge. Alhaji ya dafe ƙirji ya kama salati. Da aka ga babu abin da ya tsaya, ya sauke numfashi ya ce don Allah gaba a riƙa gaya masa tukuna. Sahabi ya dube shi ya ce, "Alhaji, ran da za ta tsinke da kanta, sallama za ta yi ma?"

To ni Haliru, na fi kowa shan wannan hali nasa, don tun muna makarantar koyon sana'a muke tare, shi ɗan masunta daga Argungu, ni ɗan manoma daga Ambursa. Na-Ambursa yake kirana, ko a gaban wa. Shekarar da na buɗe cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a unguwar Gesse, kasona na fadamar mahaifinmu na sayar na zuba a ciki. Ranar da na gaya wa Inna zan sayar, ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce Allah Ya sa alheri. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ambursa kaf an zuba ido a ga ƙarshen wanda ya bar shinkafa ya kama kwamfuta. Kuma kafin a ba cibiya damar yin jarrabawar shiga jami'a, sai jami'i ya zo ya tantance ta, zagaye ɗaya a shekara. In ka faɗi, sai baɗi, ga haya, ga janareto, ga babu gona. Da wannan nake kwana nake tashi.

Ga waɗanda ba 'yan harkar ba, suwic akwatin ƙarfe ne mai ramuka a jere, kowace kwamfuta da ke zaure wayarta a nan take ƙarewa. Guda ɗaya ba ya ɗaukar zaurena, sai na sayo uku. Aikin Sahabi shi ne ya ɗora su bisa juna a kabad ɗin ƙarfe, ya haɗe su su zama kamar akwati ɗaya. A ƙarshen kowane suwic akwai ramuka huɗu masu gudu, bibbiyu a rukuni. Zai shiga ta laftof ɗinsa ya gaya wa kowane suwic cewa daga yau waɗannan rukunai aikinsu haɗa shi da 'yan'uwansa ne, ya adana, ya kashe ya kunna, sannan a sa wayoyi, rukunin farko na wannan zuwa rukuni na biyu na wancan. Aikin yini guda ne a hannun mutum mai lafiya. A hannun Sahabi kuwa, sai abin da Allah Ya yi.

Rigimar farko a kan waya ce. Ni a tunanina akwati uku waya biyu ta isa, na sama da na tsakiya, na tsakiya da na ƙasa, shi ke nan. Biyu na sayo. Sahabi ya juya su a hannu, ya leƙa cikin kwali, ya girgiza kwalin, ya tambayi ina ta uku, wadda za ta taso daga na ƙasa ta koma na sama ta rufe kewayen. Na ce ai haka ma yana aiki.

"Shina aiki," in ji shi. "Amma wanga ba zobe ba na, Na-Ambursa, igiya ta. In zobe ya tsinke wuri guda, saƙo na zagayawa ta baya. In igiya ta tsinke, ta zama biyu."

Na ce ya haɗa haka nan, in an samu sarari a ƙaro. Ya rufe laftof ya tafi. Na ce to madalla, ya yi fushi, gobe ya huce. Ina! Washegari da sassafe sai ga shi a kan babur da wata tsohuwar homa ta kawunsa, wannan babbar komar kamun kifi, duk ta yayyage. Ya shimfiɗa ta a ƙofar cibiyata, ya zauna ƙarƙashin dogonyaro ya kama ɗinki. Kullum yana zuwa kan lokaci, yana tashi kan lokaci, amma ƙafarsa ba ta taka ciki. Masu wucewa suka fara tsayawa suna tambaya ko kifi zan riƙa sayarwa. Wata mata har ta aiko a ajiye mata na miya. Da na ga mutuncina na zubewa a bakin titi, na buga waya Kano aka sako mini ta uku a mota. Ranar da ta iso ya naɗe homa ya ce dama ɗinkin ya ƙare.

Ba a nan ta tsaya ba. Da ya gama haɗawa, sai na ga kowane rukuni rami ɗaya aka sa wa waya, ɗayan na zaune fanko. Ramuka masu gudu, ana kallo! Na ɗauko wayar babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi zan soka a ɗaya daga ciki, sai ya doke mini hannu kamar yaro ya kai hannu tukunya. Ya ce rukuni guda aiki guda ne, in ka ba su aikin haɗi duka sun tafi, ko wanda ke zaune ba ya karɓar wani aiki. Na ce ni na sayi akwatin nan ko shi? Ya ja baya ya harɗe hannu ya ce nawa ne, in soka. Na soka. Fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na cire na hura na sake sokawa, shiru. Dariyar da ya yi har sai da ya zauna a ƙasa. Daga baya ya nemo 'yan marufan roba ya toshe ramukan duka. Wani ya tambaye shi ko don ƙura ne, ya ce a'a, don Haliru ne.

Kun san kuma ba ya ɗaure waya da robar nan ta zamani. Zaren homa yake amfani da shi, da ƙullin masunta, wai roba tana cizon waya, zare kuwa rungumarta yake. Duk kabad ɗin da ka buɗe a garin nan ka ga zare, ba sai ka tambayi wanda ya yi aikin ba.

Sai maganar kifi. Jama'a, kifin nan! Gwaggonsa takan aiko masa da banda daga Argungu, shi kuma ya gano cewa bayan kabad ɗin suwic akwai iska mai ɗumi, busasshiya, tana fita ba dare ba rana. Wai babu inda ya fi nan ajiye banda a duk jihar Kabi. Ni na yi magana har na gaji. Sai da Madam Rifkatu ta shiga maganar. Ita ce manajan cibiyata, 'yar Filato ce, amma a nan unguwar Nasarawa ta girma, kuma ita kaɗai ce a duniya Sahabi yake shakka. Uwar ɗakina yake ce mata. Ta buɗe ɗakin na'urori wata safiya, ta ja baya ta toshe hanci, ta ce, "Malam Sahabi, nan ɗakin jarrabawa ne ko bakin gulbi?" Ta ba shi zuwa azahar. Ya fito da ƙunshin kifinsa a gabanta, yana riƙe da shi da hannu biyu, fuska a murtuke kamar an kore shi daga gidan haya. Muka ɗauka magana ta mutu.

Da aka sanar da mu makon da jami'i zai zo, na kira Sahabi gefe na roƙe shi. Na ce don girman Allah, don abotarmu, don darajar Inna, ranar nan kada ya fizge komai. Mutumin nan ya duba ya sa hannu ya tafi, in ya so bayan nan ya fizge har da ta janareto. Ya ce shi ba ya alkawarin abin da ya san ba zai cika ba. To da na ji haka, muka yi shawara da Rifkatu. Ta kulle ɗakin na'urori, ta jefa makullin a jakarta, ta ce ba mai shiga sai ranar tantancewa. Sahabi ya shiga wani hali. Ya riƙa zagaya ƙofar nan, ya leƙa ta ƙasa, ya kasa kunne. Ya je wajenta ya rage murya ya ce, uwar ɗakina, akwai ɗan abin da zai ɗauko. Ta ce mene ne, ta ɗauko masa. Sai ya sosa ƙeya ya ce a bar shi kawai. Ya sake komawa, ta sake tambaya, ya sake cewa a bar shi. Mu muna ta dariya, mun ɗauka hannunsa ne ke ƙaiƙayin waya.

Ranar ta zo. Mun tara ɗalibai suka cika zaure don gwaji, kowa a gaban kwamfutarsa. Jami'in dattijo ne mai tabarau, ba ya gaggawa, ba ya yawan magana. Ya zagaya layi-layi, ya sa aka kashe wuta aka tada janareto, ya duba har banɗaki. Rifkatu ta buɗe masa ɗakin na'urori. Ya shiga, ya ɗan motsa hanci, sannan ya yaba yadda aka jera wayoyi. Ya zaro biro daga aljihu. Wallahi na ga biron nan ya kusa taɓa takarda, har na fara hango kaina a Ambursa ina ba Inna labari.

Sai murya daga bakin ƙofa. "Yallaɓai, kak ka sa hannu tukuna. Ba ka gwada ba."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Rifkatu ta harare shi, amma ranar nan ko ita bai gani ba. Ya matso ya yi wa jami'in bayanin zobe, ya nuna masa wayar da ke tsakanin na sama da na tsakiya, ya ce ya fizge da hannunsa ya ga ikon Allah. Dattijon ya yi murmushi, abin ya burge shi. Ya ajiye biro ya fizge.

Ba a jima ba muka fara jin hayaniya daga zaure. Na leƙa, sai na ga hannaye a sama, layi bayan layi, duk waɗanda ke kan suwic na sama. Tambayoyi sun tsaya cak. Na juyo na kalli Sahabi. Tun da nake da shi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya durƙusa ya kutsa bayan kabad, ya daɗe, sannan ya fito da waya ta uku, wadda ya yi mini zaman dirshan a kanta, an gwaguye ta ta rabu biyu. Ya sake zura hannu ya jawo wata takardar siminti a yayyage, babu komai ciki sai kawunan kifi da ƙaya. Ashe rabi ya fitar a gaban Rifkatu, rabi ya ɓoye. Mun kulle ɓera da kifi a ɗaki guda, ya ci ya ƙoshi ya ɗora da waya. Zoben ya riga ya tsinke tun tuni, ta baya saƙo yake ta zagayawa ba mu sani ba, jami'i kuma ya zo ya fizge wadda ta rage wa na sama.

Dattijon ya mayar da bironsa aljihu. Ya ce ya ji tausayinmu, amma tsarin zagayensa ba ya komawa baya, daga nan Argungu ya nufa. Motarsa na fita na juya kan Sahabi. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita a nan ba, akwai manya a wurin. Ya naɗe guntuwar wayar ya sa a aljihu, ya tada babur ya tafi.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi, don har yanzu ana ba da labarin a majalisu. Ya je Sakkwato ya samo waya, ya dawo ya sa, ya wanke ɗakin nan da kansa, ya toshe duk wata kafa da siminti. Sannan ya bi jami'in har Argungu. Bai roƙe shi ba, bai kai masa ko goro ba. Danginsa kawai ya sanar wa. To ku kun san dangin Sahabi a Argungu, rabin garin ne. Dattijon ya tsaya shan shayi, mai shayi ya ce, Yallaɓai yaushe za ka koma wajen Sahabi? Ya je shan mai, yaron da ke zuba mai ya tambaye shi. Ya idar da salla ya yi sallama dama, na kusa da shi ya miƙo hannu ya ce ana gaisuwa, Sahabi na jira. Har wata tsohuwa mai ƙosai ta ƙi ba shi sai ya faɗi rana. A hanyarsa ta komawa sai ga motarsa a Gesse. Ya fito yana dariya yana cewa ya zo, don Allah a janye masa mutanen Argungu. Sahabi bai bar shi ya taɓa biro ba sai da ya sa shi ya fizge wayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, yana fizgewa ana mayarwa. Ko hannu ɗaya bai tashi a zaure ba. Aka sa mana hannu.

Wannan shi ne labarin da ake dariya a kai. Akwai wanda ban cika faɗa ba, na yammacin ranar da abin ya lalace.

Bayan la'asar na kama hanyar Ambursa, don gara Inna ta ji daga bakina da ta ji a bakin 'yan gulma. Ban taɓa jin hanyar nan ta yi mini gajarta kamar ranar ba. Na tsaya a bakin fadama, na ga tsohuwar gonarmu ta yi kore da shinkafar wani, na rasa da wace kalma zan fara. Tsoro nake ji, jama'a, tsoro da kunya, ƙato da ni. Ina karyo kwanar gidanmu sai na ga babur ɗin Sahabi a jingine a ƙofa.

Na tsaya a zaure na leƙa. Inna na zaune a tabarma tana tsince shinkafa a faifai. Sahabi na tsugune a gabanta, hula a gwiwa. Ya ɗora kwanukanta uku bisa juna, ya zagaye su da zaren homa, yana yi wa tsohuwa bayanin rukunin farko da rukuni na biyu da yadda saƙo ke zagayawa ta baya. Ta bar shi ya yi ta yi har ya kai ƙarshe. Sannan ta ajiye faifai.

"Sahabi, ni ban gane kwanukan ga naka ba. Abu guda nika tambaya. Kusu yac ci waya, ko ɗana yay yi wauta?"

"Kusu na, Inna. Kuma ni nik kirawo shi da kihina. Haliru bai yi kuskure ko guda ba. In mutanen gari sunka zo da magana, ki ce Sahabi na. Gonar ga ba ta tahi banza ba, in Allah Ya so."

Sannan ta ce, "To tashi ka wanke hannu, tuwo ya sauka. Miyar kihi ta, in ba ka jin kunyatai."

Da ta ɗago ta gan ni a bakin zaure, ba ta ce mini komai a kan gona ba, ranar nan ko bayanta. Cewa ta yi in shigo in zauna kusa da abokina. Muka ci daga kwano ɗaya, ni ina haɗiye tuwo da hawaye. Duk nauyin da na ɗauko daga Birnin Kabi, na tarar ya riga ni zuwa ya ɗora wa kansa. Kafin gari ya waye Ambursa ta ɗauka, kuma sunan Sahabi ake ja, ba nawa ba. Har ya bar duniya, in ya shiga garin yara na binsa suna tambayar ina kifin ɓera, shi kuma yana ɗaga musu hannu.

Rashin lafiyarsa bai yi tsawo ba. Da ya rasu aka kai shi Argungu, Inna ta ce sai an kai ta gaisuwa, duk da gwiwoyinta ba sa barinta zuwa ko maƙwabta. Rifkatu ce ta riƙe ta har cikin gida, suka zauna cikin mata, su biyun suna kuka. Ni kuwa har yau ban saba ba. Ina kewarsa ƙwarai, har da taurin kan.

Ya Allah, ga bawanKa Sahabi ya zo gare Ka. Ka san rigimarsa, Ka san gaskiyarsa. Ranar da na rasa fuskar da zan kalli mahaifiyata da ita, shi ya riga ni zuwa ya tsuguna ya ce laifin nasa ne. Ya Allah, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka duba iyalin da ya bari. Amin.